Iyakata Zaure

Unguwar Kwarbai,
Birnin Zariya.
21 ga Mayu, 1989.

Zuwa ga 'yata Maijidda,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da addu'ar da ba ta yankewa, ina fatan wannan takarda za ta iske ki cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar rai, ke da maigidanki Malam Shehu, da Kabir, da amaryata Asama'u, wadda har yau a hoto kaɗai na san ta. Allah ya kai karatun Malam Shehu ƙarshe cikin nasara, ya tsare ku daga sanyin ƙasar Ingila, wanda ban manta da shi ba tun zuwana kwas, ya kuma jiƙan mahaifiyarki da rahamarsa. Mu nan sai godiya. An yi azumi lafiya, an yi salla lafiya, ruwan farko kuma ya sauka, har ƙasa ta yi ƙamshi.

Kafin saukar ruwan na sa Sani magini ya yi wa soraye yaɓe. Aikinsa ba laifi, sai dai ya kafa indararon shigifa a karkace, yadda ruwa zai riƙa bin bango maimakon ya zuba waje. Na sa ya cire ya sake kafawa. Yanzu yana bin unguwa yana gaya wa mutane wai Alhaji ya yi ritaya daga duba makarantu ya koma ba indararo maki. Gwaggonki Sakinatu tana nan da ciwon ƙafarta, amma bakinta lafiya ƙalau. Ƙanwarki Barira ta gama wankan jego ta koma ɗakinta a Tukur-Tukur tare da takwarana, wanda ya yi ɓulɓul, ya kuma ɗauko goshin gidan nan. Tun tafiyarsu tsakar gida ta yi shiru, in ba kaji ba sai rediyon gwaggonki.

Takardarki ta iso tare da daftarin ƙa'idojin da kwamitinku ya tsara, wato kwamitin haɗin gwiwa tsakanin makarantar ungozomai ta nan da ta can, a kan yadda babbar ungozoma za ta riƙe ƙarama ta koya mata aiki har hannunta ya faɗa. Abu biyu kika nema a wurina. Na farko, in duba fassarar Hausa in gyara. Na biyu, wanda kika ajiye a ƙasan shafin ƙarshe cikin ƙananan baƙaƙe kamar ba shi ne babba ba, in ba ki shawara a kan zaɓin da aka ba ki: ko ki zauna can a ofishin haɗin gwiwar kina tsara wa ƙasashe da dama irin waɗannan ƙa'idoji, gida kuwa sai ziyara, ko ki dawo Zariya ki shugabanci riƙon ƙananan ungozomai da kanki. Kin ce Malam Shehu ya bar miki zaɓi, domin aikin koyarwa ba zai gagare shi ba ko nan ko can, ya ce a ji ta bakina, kuma suna son amsa kafin babbar salla. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya, domin ban iya gwama magana biyu wuri guda ba.

Daftarin na karanta shi da jan alƙalami, zai kuma zo miki cikin wannan ambulan. Wadda ta buga muku shi a keken rubutu ba ta san ƙa da ka ba, ba ta san ɗa da da ba, na bi duka na sa musu ƙugiya. Inda kuka rasa sunan da za ku ba babba da ƙarama, na sa uwar ɗaki da 'yar ɗaki, domin matan garin nan sun san nauyin da ke tsakanin waɗannan biyu ba sai an yi musu bayani ba. Ban da wannan, aiki ne mai kyau, ba kuma don kina ciki na faɗa ba. Na yaba da sashen da ya hana uwar ɗaki tara 'yan ɗaki fiye da waɗanda idonta zai iya bi. Na yaba da wanda ya ce ta tsaya kusa da ƙaramar a haihuwowinta na farko, hannunta a shirye amma kada ta karɓe mata aikin sai in ya zama dole. Wanda ya fi burge ni shi ne wanda ya hana yi wa ƙarama faɗa a gaban mai naƙuda, ya ce a jira a keɓe, a fara tambayarta abin da ita ta gani kafin a gaya mata abin da ta kasa gani. Da ina da irin wannan a rubuce lokacin da nake sufeto, da na hana hedimastoci da yawa karya zuciyar sababbin malamai. Amma akwai sashe ɗaya da babu shi, kuma ba zan iya nuna miki giɓinsa ba sai na ba ki labarin da wayar da na buga miki ta ɓoye.

A wayar na ce Barira ta sauka lafiya, an sami namiji. Gaskiya ne, amma ba ita ce gaskiyar duka ba. Kin san wannan ba zancen da uba ke yi da 'yarsa ba ne, sai dai sana'arki ce, kuma ke kika tambaya. Barira ta zo goyon ciki nan gida, a hannun gwaggonki. Da ciwo ya kama ta sai ta yi abin da masu haihuwar fari ke yi, ta danne, ta ci gaba da shara da tankaɗe don kada a ce ta yi raki. Ba a gane ba sai washegari da hantsi, lokacin ta riga ta galabaita. Ana cikin haka Allah ya kawo Sailuba, yarinyar nan 'yar mutanen Soba da kika koya wa aiki kafin ki tafi, wadda yanzu take zagayen duba masu ciki a cikin birni. Ta gaishe ni a zaure da fararen kayanta da jakarta, ta shige. Abin da ya faru a ciki daga baya na tattara shi daga bakin waɗanda suke wurin. Gwaggonki ta shimfiɗa wa Sailuba tabarma a gindin bango, nesa da ɗakin, ta sa aka dama mata fura. Ta ce yarinyar da ko lalle ba a sa mata ba, balle ta san zafin gwiwa, me za ta gani a ɗakin haihuwa in ba abin da zai hana ta aure ba? Ta ce ta sha fura ta huta, in an sauka za a kira ta ta zo ta rubuta a takardarta, tunda abin da gwamnati ke biyan su ke nan. Sailuba kuwa, da yake an yi mata tarbiyya, ta zauna da jaka a cinya. Ba ta iya musa wa tsohuwa ba, ba ta kuma iya shan furar ba.

Da zama ya ishe ta sai ta fito zaure ta durƙusa, ta ce mini Baba, numfashin da take jiyowa daga ɗakin nan bai kwanta mata ba, in taimaka in sa baki. Na tashi na tsaya a bakin tsakar gida na kira Yaya Sakinatu, na yi mata bayani dalla-dalla yadda na iya. Ta ce in koma in karanta jaridata. Ta ce ita ta goye ni a bayanta har na yi mata fitsari, yau kuma ni zan koya mata ɗakin haihuwa? Wai sufetancina a ƙofar makaranta ya ƙare. A gidana, Maijidda, kuma 'yata ce a ɗakin, amma ban iya wuce inda na tsaya ba. Sai Sailuba, ba da gwaggonki ma take ba, da kanta take magana hawaye na zuba, ta ce yanzu me za ta gaya wa Anti Maijidda, da ta bar mata amanar ƙanwarta? Gwaggonki ta juyo. Ta ce ta cire wannan 'yar hular da ke kanta ta matso. Ta ƙare mata kallo, sa'an nan ta ce ashe ita ce yarinyar da kika kawo mata ana gobe za ki tafi, kika kama hannunta kika sa cikin nata, kika ce ga 'yarki nan. Fararen kayan ne suka ɓatar mata da ita. Ta ce to ja'ira, me ya hana ta faɗa tun ɗazu cewa ita ce ta Maijidda, ta zauna tana kallon fura kamar baƙuwa? Ta ɗaga mata labule da hannunta. Sailuba ba ta daɗe a ciki ba ta fito ta ce kwanciyar yaron ba daidai take ba, ba haihuwar gida ba ce, a nemo mota. Maƙwabcinmu Jalo ya kai su asibiti, aka yi wa Barira aiki. Likitan ya gaya mini da an kai la'asar a gida, da wani labarin ake yi.

Na ɗauka darasin ya tsaya nan, sai ga wani ya biyo baya. Ba a yi wata guda ba, a wani gida a Ƙofar Gayan da ba zan kama sunansa ba, Sailuba ta iske irin wannan hali. Wannan karon ba ta jira ba, tun daga ƙofa ta ce ita ce ta Maijidda. Uwar mijin mai naƙudar ta ce ta taɓa jin sunan, 'yar gidan sufeto ta Kwarbai wadda ta tafi Turai, amma ita ba wanda ya kawo mata wannan yarinya, ba ta san uwarta ba, ba ta san wanda za ta kama ba in abu ya ɓaci. Kafin a shawo kanta rana ta yi nisa. Mai haihuwar ta rayu da ƙyar, ɗan bai zo da rai ba. Ba na ɗora wa tsohuwar nan laifin mugunta. Surukarta take tsarewa daga hannun da ba ta sani ba, yadda aka koya mata. Sailuba ta zo mini bayan kwana biyu idanunta a kumbure, ta ce za ta nemi a cire ta daga zagayen gidaje a mayar da ita cikin asibiti, inda ba sai ta roƙi izini a bakin labule ba. Ta ce ƙawayenta biyu da aka ba cikin birni sun riga ta yin haka. Na roƙe ta ta dakata, ta ce don girmana za ta dakata har babbar salla.

Daga nan na tuna yadda nake yi a zamanin En'e idan zan kai sabon malami ƙauye. Ban taɓa tura shi da takardar kama aiki kawai ba. Nakan tafi da shi, in kai shi gaban dagaci da liman, in ce ga ɗana na kawo muku, in ya yi ba daidai ba ni za ku nema. Na ce to me zai hana in yi wa Sailuba haka, tunda ba abin da ya fi mini yawa yanzu kamar lokaci? Na sa babbar riga, na ɗauki sandata, muka shiga gari kafin azumi, ina gaba tana baya. Mun bi Kwarbai, mun gangara Ƙofar Gayan, duk gidan da na san maigidansa na yi sallama. Abokina Malam Bahago mai ɗinkin riguna ya hango mu daga rumfarsa, ya ajiye allura, ya ce barka da arziki Alhaji, ashe an yi amarya ba a gaya musu ba, har ana yawon nuna ta gida-gida, a ina za a karɓi goro? Na ce masa jikata ce, kuma da idonsa na gani da bai yi shekara yana ɗinka aska ɗaya a gaban riga ba. Magidanta sun karɓe mu da mutunci. An shimfiɗa mini buzu, an kawo ruwa, na yi jawabina a tsare, kowa ya ce madalla, Allah ya saka, za a gaya wa masu gida. Wasu ma sun leƙa ciki a gabana sun faɗa. Amma da Sailuba ta koma waɗannan gidaje ita kaɗai, sai ta tarar saƙon ya mutu tsakanin zaure da tsakar gida. A gida ɗaya aka ce mata e, Malam ya ce wani tsoho ya zo da wata ma'aikaciya, suka ba ta tabarma a gindin bango. Sai na gane abin da ya kamata in gane tun ranar Barira. Maigida na iya ba da izinin shiga gidansa, amma ba shi ke ɗaga labulen ɗakin haihuwa ba. Ni iyakata zaure.

Na koma wa gwaggonki, na ce tunda ita an san ta a gidajen birni, ta ɗauki yarinyar nan ta shiga da ita. Ta ƙi, kuma dalilinta ya fi ƙarfina. Ta ce za ta iya shaidar Sailuba tana da ladabi, za ta iya cewa ta ceci Barira, amma in mace ta tambaye ta wa ya koya wa yarinyar nan, wa ya ga hannunta, wa zai zo ya tsaya in an sami akasi, me za ta ce? Ta ce ita ta riƙe Maijidda, amma ba ita ta riƙe hannun Sailuba ba, kuma ba ta ba da shaidar tuwon da ba ta ga tuƙinsa ba. Sai dai ta ce in kin dawo, ko da sanda ne za ta bi ku, ke ki yi shaidar hannu, ita ta yi shaidarki. Na kuma je na ga manyan sistocin asibiti. Mata ne masu ƙwazo da sanin aiki, sun kuma saurare ni da kyau, amma yawancinsu a Sabon Gari da Tudun Wada suke zaune, ba a cikin ganuwa aka haife su ba. Babbarsu ta yi dariya ta ce Baba, ita kanta tana bukatar wanda zai kama hannunta ya shigar da ita.

Makon jiya shugabar kwamitinku, Misis Kalda, da ta zo duba makarantar, ta biyo ta gaishe ni kamar yadda kika roƙe ta. Matan unguwar nan sun sa mata Mai-laima, don ba ta rabuwa da ita ko gari ba hadari. Na ba ta wannan labari duka da Turancina na da, wanda ta ce ta daɗe ba ta ji irinsa ba sai a bakin kakanta, ban kuma tabbata yabo ba ne. Da na gama sai ta tambaya ko katin shaida mai hoto da hatimi, haɗe da takardar gabatarwa daga uwar ɗakin, zai wadatar, domin ana iya aiko da su daga can. Na ce mata tsohuwar Ƙofar Gayan ba hatimi take nema ba. Fuska take nema, wadda ta san gidan ubanta, wadda za ta iya aika wa a kira, wadda za ta zo suna in an samu, ta zo gaisuwa in an rasa. Ba ta yi gardama ba. Ta ce abin da ya sa ake haɗin gwiwa ke nan, su sun san ɗakin haihuwa amma ba su san hanyar da ake bi a kai gare shi a nan ba. Ta ce in rubuta sashen da kaina. Na rubuta shi a bayan shafin ƙarshe, ga abin da ya ƙunsa: kafin a tura ƙaramar ungozoma zagayen wata unguwa, uwar ɗakinta za ta tafi da ita da ƙafarta, cikin kayan gida ba na aiki ba, ta gabatar da ita ga manyan matan kowane gida, ta ɗauki nauyinta a gabansu, ta kuma riƙa sabunta wannan ziyara, domin ana kawo sababbin amare, tsofaffi kuma suna mantuwa.

Adalci ya sa in gaya miki ita ma ta kawo nata hujjojin, kuma ba na banza ba ne. Ta ce a ofishinku na can, ban da ke, babu ko mutum ɗaya da ya taɓa karɓar haihuwa a ɗakin ƙasa, in kin bar shi za su koma rubuta wa ƙasashenmu ƙa'idoji daga nesa, irin giɓin da na gano kuwa ba a Zariya kaɗai yake ba. Ta ce a nan za ki riƙe yara goma, a can za ki gyara riƙon dubbai. Na juya wannan magana kwana da kwanaki, ban sami inda zan sa mata jan alƙalami ba. Abin da kawai zan ce, a matsayina na tsohon sufeto, shi ne ban taɓa ganin tsarin da ya yi aiki a lardi ba sai wanda aka fara gwadawa a makaranta ɗaya, a gaban mutum ɗaya da ya tsaya a kansa. Ƙa'idojinku ba su taɓa taka ƙasa ba tukuna. In kin dawo kin tsaya a kansu har suka kama a birnin nan, za ki sami abin da za ki koya wa wasu ƙasashe wanda ba daga takarda kika samo shi ba. In kuwa Sailuba ta koma cikin asibiti bayan salla, ban san wadda za ta sake yarda ta ɗauki jaka ta shiga lungunan nan ba. Shawarar sufeto ke nan: ki dawo.

Amma duk rahoton da mai rubuta shi ke da wata bukata a ciki, wajibi ne ya bayyana ta, don mai karantawa ya san yadda zai auna. Ke 'yar fari ce. Yadda aka yi a gidanmu, tun kina ƙarama aka miƙa ki ɗakin gwaggonki, ni kuma ba a so a ga na ɗauke ki, ko a ji na tambayi inda kike. Na yi boko, na je Turai, na dawo, amma wannan bai bar ni ba, ban ma nemi ya bar ni ba, don ina ganin girma ne. Saboda haka a duk takardun da na aiko miki tun tafiyarki, in na rubuta cewa gwaggonki tana tambaya yaushe za ki dawo, to ta tambaya, ban yi mata ƙarya ba. Sai dai ba ta tambaya yawan yadda na rubuta ba. Ni ne nake ɗaga kai daga jarida duk lokacin da mota ta tsaya a bakin lungu bayan la'asar, alhali na fi kowa sanin inda kike. Ni ne ranar salla, da 'ya'ya da jikoki suka cika zaure suna gaisuwa, na ga kamar ba a zo ba. Ban san yadda ake faɗin wannan a tsare ba, don ba a koya mini ba, na kuma sake wannan shafi na ga gyara ba ya ƙara masa komai. Ina kewarki, Maijidda. Ina so ki dawo ina da sauran ƙarfin da zan fito bakin ƙofa in tarye ki da ƙafata.

Wannan ba umarni ba ne. Ki yi istihara, ki zauna da mijinki, ki auna shawarar sufeton da sanin cewa ubanki ne ya rubuta ta. In kin zaɓi zama can, albarkata tana tare da ke ba ragi, zan kuma ci gaba da gyara muku fassara muddin ina iya riƙe alƙalami. Abin da na roƙa kawai, kowace ce amsar, ki fara rubuto wa Sailuba kafin ni, domin ita ce ke tsaye da jaka a hannu tana jira.

Gwaggonki Sakinatu tana gaishe ki, ta ce a gaya wa Malam Shehu karatun ya isa haka, kada kansa ya fashe. Barira da maigidanta da takwarana suna gaisuwa, haka Jalo da iyalinsa, da Malam Bahago, wanda ya ce yana nan yana ɗinka wa Kabir 'yar riga. Ki gaishe mini da Malam Shehu gaisuwar girma. Ki shafa mini kan Kabir, ki ce ya riƙe karatun allonsa. Amaryata kuwa ki gaya mata angon nata ya tsufa, amma bai fasa ba. Allah ya yi muku albarka, ya zaɓa miki abin da ya fi alheri, ya sa mu gana.

Wassalam. Ni ne mahaifinki,
Alhaji Mika'ilu Jumare.